Kawara a Gonar Jibo

Da sunan Allah nake farawa, Shi ne Masanin abin da ruwa ya rufe.

Na ji waɗansunku, ku samarin yanzu, kuna cewa raba gardama ba sana'a ba ce. Wai zama ne kawai a inuwa, a saurari wannan, a saurari wancan, a ce kowa ya yi haƙuri, a shafa fatiha a tashi. Wanda ya faɗi haka bai taɓa tsayawa tsakanin mutum biyu masu jin yunwa ba. Shekara arba'in da 'yan kai na yi ina wannan aiki a fadamun Haɗejiya, daga gindin ganuwa har ƙauyukan Kirikasamma da Baturiya, kuma ban taɓa rufe magana da “a yi haƙuri” ba. Ni Idi nake gaya muku, ku saurara da kyau, domin ba na maimaita zance.

Mu ba alƙalai ba ne. Alƙali yana cikin birni da littattafansa da ranakun zamansa, hukuncinsa yana kan kowa, ko ya so ko bai so ba. Mu kuwa ba mu da iko a kan mutum sai wanda ya ba mu da bakinsa. Idan mutum biyu suka saɓa, wannan ya zaɓi dattijo ɗaya, wancan ya zaɓi ɗaya, dattawan biyu su haɗu su kira na uku. Domin wannan magana kaɗai ake kafa zaman. Ranar da ta ƙare zaman ya watse, kowa ya koma gonarsa. Mutanen fadama suna zuwa gare mu ne saboda ruwa ba ya jiran kowa. Kafin a je birni, a sami rana, a tara shaidu, abin da ake jayayya a kansa ya bushe ko ya nutse.

Wurin kawuna, Malam Hamidu, na koyi aikin, lokacin ina da iyali da 'ya'ya biyu. Aikin farko da ya sakar mini shi ne iyakar wata gonar wake a wajen Miga. An gama magana, sauran kafa turaku. Na yi sammako na kafa tara, a jere kamar an ja zare, na dawo ina jin na iya. Da ya zo ya duba sai ya ce, “Wa ya gan ka kana kafa su?” Na ce, “Mai gonar, Kawu.” Ya ce, “Wanne daga cikinsu?” Ya bi turakun nan ɗaya bayan ɗaya ya tuge, ya zube su a gabana. Kashegari na sake kafa su a ramukan jiya, ban gusa ko ɗaya ba, amma masu jayayyar su biyu suna tsaye, kowa riƙe da bakin igiya.

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne yana da ƙa'idarsa. Akwai igiyar kaba mai ƙulli a kowane gaba. Tsawonta yana sauyawa idan ta jiƙe, saboda haka ba a fara awo da ita a bushe a ƙare da ita a jiƙe. Akwai sandar gora mai tsage, wadda ake gwada zurfin ruwa da taurin ƙasa da ita. Turaku na ƙirya ake yi, don gara ba ta cin su. Sai tabarmi biyu na masu jayayya, girma ɗaya, saƙa ɗaya. Na taɓa ɗage zama na yini guda domin tabarmar mutum ɗaya ta fi ta ɗan'uwansa faɗi. An yi mini dariya a garin, amma ba a sake tayar da maganar da na yanke a can ba.

Kafin a ji bakin kowa, sai an yi jingina. Manomi ya kawo galmarsa, masunci ya kawo komarsa ta kamun kifi da goran da yake hawa a ruwa, makiyayi ya kawo sandarsa. Su ajiye a gaban dattawa, su ce a gaban shaidu, “Abin da kuka yanke na karɓa.” Ba a mayar wa mutum da kayansa sai ya karɓi hukunci da bakinsa. Mutum yakan iya ƙin maganar dattijo, amma da wuya ya yarda a ce galmarsa ta shekara a zauren wani.

Yanzu zan ba ku labarin aikin da ya fi kowanne wuya, na shekarar da kogi ya gaza. A wannan shekara ruwan sama ya ɗauke da wuri, gero ya bushe a tsaye. Aka zuba ido ga kogi, shi ma ya zo a raunane, bai hau fadama ba. Tafkunan da masunta suke dogara da su duk shekara suka zama busasshiyar laka. A duk yankin Baturiya wuri ɗaya ne ya riƙe ruwa mai kifi, wani kwari da itatuwan giyayya suka kewaye, a tsakiyar gonar shinkafar wani manomi mai suna Jibo.

Ƙa'idar fadama tun kakanni ita ce wannan. Ruwan da kogi ya kawo, da kifin da ke cikinsa, na masunta ne, ko da a tsakiyar gonar wani ya kwanta. Ruwan sama da ya taru a gona kuwa na mai gona ne, da duk abin da ke ciki.

Masuncin da gidansu ke kamun wannan kwari tun zamanin kakansa shi ne Bukar, Babarbare, asalinsu daga bakin Cadi. Ba shi da gona ko taƙi ɗaya, ga baki goma sha huɗu a gidansa. Idan kifin nan ya kuɓuce masa, ba abin da zai kai su damina. Ya zo da komarsa zai shiga, Jibo ya tare shi ya ce bana kogi bai zo ba, wannan ruwan sama ne. Shi ma Jibo rabin shinkafarsa ya ƙone. 'Ya'yan wannan suka fito da sanduna, 'ya'yan wancan suka fito da nasu. Allah Ya sa bulama, wato mai garin, ya shiga tsakani kafin a fasa kan wani, ya hana kowa taɓa ruwan sai an raba gardama. Ruwan kuwa kullum raguwa yake.

Jibo ya zaɓi Ardo Buba, Bafulatanin da ke kiwo a gonarsa bayan girbi. Bukar ya zaɓi Baba Modu, dattijon unguwarsu. Su biyun suka aika a kira ni na zama na uku. Na iso da hantsi na tarar da su a gindin giyayya, tun kafin in sauke kayana Ardo ya ce, “Malam Idi, gara da ka zo. Tun safe wannan Babarbaren yake yi mini musu, shi da kakana ya saya da ƙwaryar nono.”

Baba Modu ya ce, “Ji ɗan daji! A ƙofar gidanmu kakanka ya fara ganin riga, ya tambaya ta ina ake shiga.”

Na bar su suka gama, domin tsakanin Fulani da Barebari wannan gaisuwa ce. Sa'an nan na shimfiɗa tabarmi, aka yi jingina, Jibo ya ajiye galma, Bukar ya ajiye koma da gora.

Jibo ya fara magana. Ya ce, “Malam, kowa ya san bana kogi bai hau tudu ba. Ka tambayi duk wanda ka ga dama. Ruwan nan daga sama ya zubo a gonata.” Bukar ya ce, “In daga sama ya zubo, Malam, to da kifinsa ya zubo. Ni dai ban taɓa ganin an yi ruwan kifi a ƙasar nan ba.” Mutane suka yi dariya. Na ɗaga hannu suka yi shiru.

Irin wannan gardama tana da gwaji sananne. Gaiwa ba shaida ba ce, domin tana kwana cikin laka daga shekara zuwa shekara. Tarwaɗa ma ba shaida ba ce, tana jan ciki a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa daga wannan ruwa zuwa wancan. Amma kawara ba ta da hanya sai kogi. Muka kira wani masunci daga wani gari, wanda ba shi da dangi a ɓangaren kowa, ya shiga da koma sau ɗaya ya fito. Da ya zazzage ta a kan ciyawa sai ga kawara ƙanana suna tsalle, haihuwar shekarar.

Baba Modu ya tafa hannu ya ce, “Magana ta ƙare.” Ardo ya sunkuyar da kai ya ce, “Jibo, ni ka zaɓa, amma ido ya gani.” Mutanen Bukar suka fara naɗe wando.

Na ce, “Kada wanda ya shiga. Bukar, ta ina kogin ya shigo?” Ya miƙa hannu gabas ya ce, “Ta can, inda ƙasa ta kwanta.” Na ce sai na taka wurin da ƙafata. Ban taɓa yanke magana a kan ruwa ba sai na bi hanyar da ya bi.

Yinin farko a gabas na ƙare shi. Duk inda kogi ya kai yakan bar shatin laka a jikin itace. Na auna shatin a jikin giyayyun da ke bakin kogi, na auna tudun da ke tsakaninsu da kwarin, na sake aunawa. Tudun ya fi shatin da taƙi guda cif. Kogi bai ƙetare nan ba. Na gaya wa abokan zamana. Baba Modu ya ce, “To, Malam, kawarar fiffike ta yi?” Na ce ban sani ba tukuna, kuma ba zan yanke abin da ban sani ba.

Yini na biyu na bi kudu da yamma, ina soka sanda a kowane taki. Ban sami kome ba. Da na dawo da la'asar, bakin kwarin na yamma ya janye, kifi yana kwance cikin laka yana haki, zalɓe ya cika wurin yana ci. Mutanen gida biyu suna tsaye suna kallo, ba mai ikon taɓawa. Ardo ya ja ni gefe ya ce, “Malam Idi, ka ji tsoron Allah. Mun zaɓe ka ka raba wa mutane, kai kuma tsuntsaye kake raba wa. Yanke kawai, ko rabi da rabi ne.” Na ce, “Ardo, in na yanke a kan abin da ban gane ba, baɗi sanduna za su sake fitowa, kuma ba lalle bulama ya iso da wuri ba.” Ya ce, “Baɗi sai wanda ya ci bana.” Maganarsa kuwa gaskiya ce.

A yini na uku na shiga arewa, inda wani reshen kogi ya matso kusa. Ƙasar wurin tauri gare ta, sanda ba ta shiga. Ina cikin tafiya sai ta nutse kamu guda ba tare da na danna ba. Na matsa gefe, tauri. Na koma, laushi. Na durƙusa na tona da hannu, sai ga jan yashi a sama, baƙar laka a ƙasa. A fadama laka ce a sama, yashi a ƙasa, sai in hannu ya juya su. Na ɗaga kai na duba, ciyawar wurin ta fi ta gefenta ƙuruciya, kuma ta tafi a miƙe sak daga reshen kogin har bakin kwarin. Ruwa ba ya tafiya a miƙe. Na auna da igiya, gaba sittin da biyu. Hanyar ruwa ce aka haƙa da galma, aka kuma binne ta.

Ban kira Jibo shi kaɗai ba. Na tara kowa a wurin, na sa mutum biyun suka tsaya a kan ramin, na miƙa wa Jibo sandata na ce ya soka. Ya soka ta nutse. Ya daɗe yana kallonta, sa'an nan ya ce, “Ni na haƙa, Malam, ni da 'ya'yana uku. Kwana goma sha ɗaya. Shinkafata tana mutuwa ina gani, ga ruwa can yana wucewa. Ban haƙa don kifi ba. Da na ga kifi ya biyo, na san za a ce ruwan kogi ne, sai na rufe.”

Baba Modu ya ce, “Kun ji ko? Da bakinsa.” Na ce, “Dakata, Baba Modu.” Na juya ga Bukar na ce, “Kai a lokacin kullum kana kan wannan reshe a kan goranka. Mutum huɗu suna haƙa kwana goma sha ɗaya, ba ka gan su ba?”

Bukar ya sosa ƙeya. Jibo ya ce, “Ya gan mu mana! Har sannu da aiki ya yi mana, ya ce Allah Ya ba da sa'a.” Wurin ya ɓarke da dariya, har 'ya'yansu masu sanduna. Na ce, “To me ya sa ka nuna mini gabas?” Ya ce, “Malam, in na nuna maka arewa, za ka ce gumin Jibo ne ya kawo ruwan, ka ba shi rabo. Ni kuwa bakin da ke gidana ka sani.”

Ku lura da wannan, samari. Mutum biyu suna neman fasa wa juna kai, amma abu ɗaya suke ɓoyewa, kowa da dalilinsa. Da na tsaya a kan kawara, da na ba Bukar duka, na cuci wanda ya yi haƙa. Da na tsaya a kan shatin laka, da na ba Jibo duka, na kashe gida guda.

Muka koma gefe mu uku. Ƙa'idar kakanni ba ta san ruwan kogin da hannu ya jawo ba. Baba Modu ya ce ruwan kogi ruwan kogi ne, ko a ƙwarya aka ɗebo shi. Ardo ya ce ba don galmar Jibo ba, da Bukar ƙura zai kama a kwarin. Suka fara komawa kan kakanninsu, na tsayar da su. Na ce kifin nan abu uku ne za su kai shi tukunya: kogin da ya haife shi, galmar da ta buɗe masa hanya, da komar da za ta fid da shi. Haƙƙin kogi na masunta ne tun asali, koma ma tasu ce, galma ta Jibo. Saboda haka a kasa uku, biyu na Bukar, ɗaya na Jibo. Gaiwar da za ta rage cikin laka bayan ruwa ya ƙafe ta Jibo ce duka, domin a ƙasarsa ta kwana tun bara. Duk shekarar da aka sake buɗe wannan hanya, haka za a yi. Shekarar da kogi ya hau da kansa, a koma ƙa'idar da. Kowannensu ya ce ya yarda.

Na faɗi hukuncin a gaban jama'a, na sa kowannensu ya maimaita sau uku, kalma bayan kalma. Jibo ya tsallake maganar shekarar da kogi ya hau da kansa, na ce ya koma farko. Ya harare ni ya koma. Bukar ya faɗi nasa yana kallon ruwan, yana sauri, na ce ya sassauta a ji kowace kalma. Da suka gama aka mayar musu da kayansu.

Akwai kuskurena a cikin wannan aiki, kuma ba zan ɓoye muku ba. Na bi yatsan Bukar na tafi gabas. Da na fara tambayar kaina ta ina kogi ya fi kusa, da arewa na nufa, da yini ɗaya ya isa. Kifin da tsuntsaye suka ci da wanda ya ruɓe a laka ya kai rubu'in abin da ke kwarin. Al'ada ce a ba kowane dattijo kwando guda ranar kamu. Na faɗa a gaban kowa cewa nawa a mayar cikin tsibi, na kuma faɗi dalili. Ardo ya ce, “Ni dai ban yi kuskure ba, a ba ni nawa.” Aka ba shi.

Kashegari da sassafe aka shiga ruwan. Na tsaya a kan rabon har kifin ƙarshe, manya da manya, ƙanana da ƙanana, kada a tara wa wani ƙaya a tara wa wani tsoka. Kafin azahar hayaƙin banda ya tashi a gida biyu. Na naɗe igiyata na kama hanya. Ba wanda ya raka ni daga cikinsu, Jibo yana ganin kashi ɗaya ya yi masa kaɗan, Bukar yana ganin an cire masa kashi ɗaya daga bakin 'ya'yansa.

Wannan rani ya yi tsanani. Gidaje da yawa a yankin sun watse, waɗansu sun yi kudu neman abinci ba su dawo ba. Da ruwan farko ya sauka, wani aiki ya bi da ni ta garin, na tsaya a ƙofar gidan Bukar na yi sallama. Ya fito, ya rame ƙwarai, ya gaishe ni yadda ya kamata. Na tambaye shi mutanen gida. Ya ce, “Duk muna nan, Malam. Ba wanda ya tafi, ba wanda aka binne.”

Muna tsaye sai wata tsohuwa ta leƙo zauren tana dogara sanda, mahaifiyarsa ce. Ta ƙare mini kallo ta ce, “Bukar, wannan ne malamin da ya bar kifi yana ruɓewa, shi yana auna laka?”

Na ce, “Ni ne, Iya.”

Ta ce, “Kwana uku! Ni da ba na gani sosai, da an tambaye ni da na nuna maka ramin.”

Na ce, “Da kin nuna, Iya, da ɗanki ya yi fushi da ke.”

Ta ce, “Shi ya sa ban nuna ba.” Ta juya ciki tana kiran surukarta. “A shimfiɗa masa tabarma. Akwai sauran bandar nan a tukunya, a sa masa a miya, ya ci abin da tsuntsayensa suka rage.”

Na zauna na ci.